Ƙwayoyi Shida a Gindin Tulu

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake ɓoye waliyanSa a cikin talakawan bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, Shehinmu, Allah Ya yarda da shi, ya kasance kogi ne a Fiƙihu da Tafsiri, mai yawan azumi, mai ƙarancin magana. Ya shekara talatin yana karantarwa a wata halwa, wato tsangaya, ta jan laka a unguwar Dar Salam ta birnin Omdurman, bai taɓa taka ƙofar wani mai mulki ba, duk da cewa a zamanin sojoji malamai da yawa sun taka. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da Hafiza 'yar Gwadabe, wanda ita da kanta ta ba da labarinsa.

Iyayen Hafiza sun ƙare ƙarfinsu a gonakin auduga na Jazira, ita kuwa ta tashi tana sayar da shayi a kasuwar Suk al-Shabi, yau ta kafa murhu, gobe 'yan sanda su kwashe mata kujeru. Tana da shekara arba'in ƙodojinta suka daina aiki. Shekara biyu tana kwanciya a injin wankin jini, har ƙanenta Idirisu, mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, ya ce a yanke tasa ɗaya a dasa mata. Aka dasa, ƙoda ta karɓa. Sai a shekarar da aka ƙara kuɗin fetur mutane suka fito kan titi, harsashi ya sami Idirisu yana kan hanyar gida, aka binne shi da la'asar. Bai bar matar aure ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa a duniya yana motsi shi ne tsokar nan da ke ƙasan cikin yayarsa.

Don kada jikinta ya yaƙi baƙuwar ƙodar, likita ya ɗora ta a kan magunguna har abada, cikinsu akwai wata 'yar farar ƙwaya da ake kira kortizon. Ƙwayar tana tsare ƙoda, amma a ɓoye tana cin ƙashi. Wata safiya Hafiza ta sunkuya ɗaukar jarkar ruwa, sai ta ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayanta, ta faɗi a nan tsakar gida, maƙwabciyarta Bakhita ce ta ji ihunta ta haura katanga.

A asibitin ƙoda da ke Khartoum likitan ya ɗaga hoton bayanta a fitila ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙashin bayanta biyu sun ruguje, sauran kuma sun zama kamar karan dawa da gara ta shiga. Sannan ya shimfiɗa mata hanyoyin. Ana iya rage kortizon, amma ƙoda tana iya tashi. Akwai ƙwayar ƙashi da ake sha sau ɗaya a mako, amma ta ƙoda take fita, tata kuwa ba ta da ƙarfin da zai saki jiki da ita. Ko kuwa a tsaya a kan sinadarin ƙashi da bitamin da shan hantsi, a jira, alhali kowane tari yana iya karya wani ƙashin.

"To, wanne zan ɗauka, ya daktor?"

"Ya hajja, da akwai mai sauƙi da ban tambaye ki ba. Ki dawo bayan mako uku mu sake auna jini. Amma kada ki taɓa magungunanki."

Ta koma gida ta kwanta a angarib, gadon igiya. Ba ta iya ruku'u, ba ta iya juyawa sai Bakhita ta juya ta. Kullum da safe Bakhita takan miƙo mata ƙwayoyin da kofin ruwa, ita kuma takan dubi farar ƙwayar nan a tafin hannunta kamar mai duban maƙiyi. Rannan sai ta haɗiye sauran, ta riƙe ta a ƙarƙashin harshe, da Bakhita ta fita ta ja jiki da ƙyar zuwa gindin tulu, ta tura ta cikin jiƙaƙƙen yashi da yatsa. Washegari ta sake. Babu wanda ya gani, babu wanda ta gaya wa. A ranta tana cewa ai ƙodar ɗan'uwanta ce, jini ɗaya, ta riga ta saba da ita.

A rana ta shida, ranar Alhamis, ta farka ƙafafunta sun kumbura, amai yana taso mata, fitsari ya ragu, wurin dashen yana zafi. Ta gane, amma tsoro ya hana ta faɗa. Ta ce wa Bakhita a kai ta wurin Shehu ya yi wa bayanta addu'a.

Suka same shi bayan azahar yana zaune a kan buzu, almajirai manya suna gabansa da littattafai. Aka shimfiɗar da ita a inuwar rumfa nesa kaɗan. Ba ta kai ga gama gaisuwa ba, Shehu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rufe littafin, bai ɗago kansa ba, ya ce cikin sanyin murya:

"'Yata, guda shida ne a gindin tulu. Tulu ba shi da ciwo."

Bakhita ta dubi wannan, ta dubi wancan, ba ta fahimci komai ba. Hafiza kuwa ta ja mayafinta ta rufe fuska ta fashe da kuka.

"Allah Ya gafarta Malam, ƙashina take ci. Ina raye ina ruɓewa."

"Amanar Idirisu ce. Ki tashi yanzu ki tafi wurin likitanki, ki gaya masa abin da kika yi da bakinki."

Bakhita ta ce, "Sidna, yau Alhamis, likita ya tashi aiki tun tuni. Gadar ƙetarawa Khartoum ma an ce sojoji sun tare."

"Za ku same shi."

Hafiza ta share hawaye ta tambaye shi wace hanya za ta ɗauka cikin ukun nan. Ya ce wannan ilimi Allah Ya ba wa wancan bawa, wato likita, shi kuwa addu'a aka ba shi. Sannan ya ce:

"Ƙodar za ta zauna da izinin Allah. Bayanki kuwa ba zai miƙe ba. Ki yi haƙuri."

Suka ɗauki mota. Suna isa bakin gada ana janye shingen, motarsu ce ta fara wucewa. Da suka kai asibiti, sai ga likitan a tsakar rana a wurin ajiye motoci, hannun rigarsa a naɗe, gaban motarsa a buɗe; tun da ya tashi aiki ta ƙi tashi, makanikai biyu sun duba sun rasa dalili. Hafiza ta gaya masa gaskiya daga cikin mota. Bai yi mata faɗa ba, ya sa aka kawo gadon turawa. Mai gadin wurin ya shaida daga baya cewa da likitan ya fito bayan ya gama da ita, murɗa mukulli ɗaya motar ta tashi.

Awon jini ya nuna jikinta ya fara korar ƙodar, likitan ya ce da ta kai Asabar da sai dai komawa inji. Maganin ceto kuwa shi ne kortizon ɗin da ta guda, ninkin ba ninkin, ta jijiya, kwana uku. Ƙodar ta lafa. Kafin wata biyu ƙashi na uku ya ruguje, tana atishawa.

Sai da aka shekara kusan guda ƙodar ta yi ƙarfin da likitan ya yarda ya fara mata ƙwayar mako-mako, wadda take sha da sassafe kafin ta ci komai, Bakhita ta tallafe ta a zaune rabin awa, haƙora a cije. Ya riƙa rage kortizon kaɗan-kaɗan da hannunsa, yana auna jini. Karaya ta tsaya, amma abin da ya karye ya karye. Ba ta sake kafa murhu ba, ba ta sake kai goshinta ƙasa ba, sallarta duk a zaune da nuni. Wanda ya san ta da tsayinta in ya gan ta da doro sai ya kau da kai.

Ta rayu shekara biyar a haka, zazzaɓi ne ajalinta. Awon da aka yi mata kwana biyu kafin rasuwarta ya nuna ƙodar Idirisu tana aiki lafiya lau, matan da suka yi mata wanka kuma suka ce mutum ɗaya ya isa ya ɗauke ta.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa zaɓaɓɓu abin da yashi ya rufe. Ya Allah, Ka ji ƙan Hafiza da Idirisu, Ka haskaka makwancin Shehinmu, Ka ba marasa lafiyarmu haƙurin da ya fi ciwonsu, Ka sa albarkarsa ta riske mu ranar da za a tayar da ƙasusuwa bayan sun rududduge. Amin.