Ranar da Wuta Ta Kama Malam Ilu

To, ku gyara zama, mai waya a hannu ya kife ta a cinya. Zan kawo muku wata magana da ta gagari dattawan unguwa guda, in na kai ƙarshenta ku ne alƙalai.

A Gusau an yi wani mai aikin wutar lantarki, ana ce masa Malam Ilu. Tun zamanin da ƙwan fitila ɗaya ke isar gida guda yake jan waya, har furfura ta cim masa a kan tsani. Mutum ne mai taka-tsantsan. Ba ya taɓa waya sai ya kashe makunni, kuma ba ya yarda da makunni sai ya ɗora testa, abin gwajin wuta, ya ga ba ta kama ba. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ta bar masa 'ya'ya uku, duk sun kawo ƙarfi.

Babbansu Tasi'u, wanda Malam Ilu ba ya kama sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "Babba". Shi ne ya tashi a gindin tsanin uban, ya gaji hannunsa da rashin yawan maganarsa. Mai bi masa mace ce, Barira, mai sunan mahaifiyar Malam Ilu, don haka yake ce mata "Uwata". Ita ta yi karatun lantarki a makaranta, ta ƙware a kan wasu ƙananan na'urori da ake sa wa manyan gine-gine yanzu, masu kunna fitila su kashe ta, su tayar da famfo in ruwan tanki ya yi ƙasa, su tayar da janareta in an ɗauke wuta, duk ba da hannun mutum ba. Auta shi ne Nafi'u. Shi kam tun da dutsen guga ya taɓa jan sa yana ƙarami ya yi hannun riga da waya. Ya koyi aikin jinya, yana aiki a wani ƙaramin asibiti. Uban bai taɓa yi masa faɗa ba, amma in yana nuna 'ya'yansa ga baƙo yakan ce, "Wannan kuma shi ne ya guje mu." Ana dariya, Nafi'u ma yana yi, sai dai tasa ba ta kai ciki.

Ana nan sai wani ɗan kasuwar auduga, Alhaji Mu'azu, ya gina bene mai hawa huɗu, ya ce yana son gini irin wanda ya gani a ƙasashen waje, mai kula da kansa. Ya ba gidan Malam Ilu aikin. Suka raba: uba da Tasi'u su ja manyan wayoyi su kafa akwatunan wuta, Barira ta ɗora na'urorinta.

Ga abin da Tasi'u ya yi. Kowane akwatin ƙarfe da wuta ke ratsawa ana ɗaura masa wata waya mai kauri a kai ta cikin ƙasa, don in wuta ta kuɓuce ta hau jikin ƙarfen ta sami hanyar nutsewa, kada ta bi ta jikin mutum. Aiki ne da ba mai ganinsa, in an gama ana binne shi. Filin ginin marmara ce zalla, ga bazara ta kankama. Tasi'u ya ɗauki diga ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya auna, ya ga ƙasar ba ta karɓa yadda yake so. Ya bar ramin ya koma bayan ginin inda ƙasa ke da ɗan laima, ya sake sabon haƙa. Tafukan hannunsa suka yi bororo, suka fashe. Uban da kansa ya leƙa ramin ya ce, "Babba, ai ya isa haka, ka fito ka sha iska." Tasi'u ya share gumi ya ce, "Baba, kai ka ce mini wayar ƙasa ba a yi mata rabin aiki." Ya ci gaba har awo ya gamsar da shi, sannan ya bi akwatunan ginin ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure kowanne, har da ƙofofinsu. Da ya gama, wani aiki ya kira shi Ƙauran Namoda, ya tafi.

Ga kuma abin da Barira ta yi. Ta raba siraran wayoyin na'urorinta da manyan wayoyin wuta, kowanne da bututunsa, ta sa wa kowace waya alama a bakinta. Ta dasa wa kowane akwati wata 'yar na'ura mai jin in wuta tana zurarewa inda bai kamata ba, ta haɗa su duka da kwamfutarta, ta kuma yi hanyar da za a kashe janareta daga nesa da dannawa ɗaya. Ba a nemi wannan a wurinta ba, ita ta ga ya dace. Wata safiya, uban ya tafi jana'izar wani abokinsa, ta haɗa waya ta ƙarshe, wadda ke ba ginin ikon tayar da janareta da kansa. Ta yi niyyar gaya masa in ya dawo. Kafin ya dawo sai ga Alhaji Mu'azu da abokansa, ba sanarwa, ya zo nuna musu gininsa. Ta hau da su hawa na sama tana yi musu bayani.

Malam Ilu ya dawo daga maƙabarta zuciyarsa a jagule. Ya shigo ta ƙofar baya, ya tuna akwai wata waya a babban akwatin ƙasa da bai gamsu da ɗaurinta ba. Ya kashe babban makunnin wutar Nepa, ya ɗora testa, ba ta kama ba. Ya kwance wayar, bakinta ya jingina da jikin akwatin, shi kuma ya dafa ƙofar ƙarfen yana laluben sukudireba. Duk abin da ya saba yi tun yana saurayi ya yi shi. Abu ɗaya ne bai sani ba: tun safe ginin nan ya daina jiran hannun mutum. Na'ura ta ji babu wuta, ta tayar da janareta.

A sama, fitilu suka mutu, can suka dawo da kansu. Baƙi suka ɗauka Nepa ce ta ɗauke, suka yi ta mamaki, Alhaji Mu'azu yana murmushi yana gyara babbar riga. Barira ma ta ji daɗi, don wannan ne karon farko da aikinta ya nuna kansa. Sai idonta ya faɗa kan kwamfuta, ta ga jan alama a kan akwatin ƙasa. Ba ta san ko waye a wurin ba, ba ta ma san ko da mutum ba. Tana iya cewa sabuwar na'ura ce ke ƙarya, ta bari baƙi su tafi ta duba. Ba ta tsaya ba, ta danna. Janareta ya mutu, fitilu da fankoki suka tsaya.

Alhaji Mu'azu ya ɓata rai ya ce, "Haba 'yata, a gaban baƙi? Ki bari su gama gani mana."

Ta ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, wuta na zuba a ƙasa." Ta bar kwamfutar a nan ta bi matakala a guje.

Saura Nafi'u. Ranar ba ya aiki, ya san uban ya fita jana'iza bai karya ba, sai ya dama fura ya kawo masa wurin aiki. Yana shigowa ta ƙofar baya ya ji janareta ya tashi, ya ji wani irin gurnani daga ɗakin wuta, sannan injin ya mutu. Ya leƙa, ya ga uban a zube a gindin akwati, hannunsa na dama a ƙandare. Ɗakin da ya fi tsoro ke nan a duniya, amma ya shiga. Ya yar da kwanon fura, ya ɗauki busasshen katako ya ture hannun uban daga ƙarfen, ya ja shi waje. Ya kara kunne a hancinsa, babu numfashi. Ya taɓa wuyansa, babu bugu.

Maigadi da leburori suka taru. Maigadi ya yi salati ya ce, "Malam ya cika, a samo mayafi."

Nafi'u ya ce, "Bai cika ba tukuna. Ku ba ni wuri, ku nemo mota."

Ya durƙusa ya ɗora hannuwansa a tsakiyar ƙirjin uban yana dannawa, yana hura masa iska a baki, yana komawa yana dannawa. Barira ta iso ta ga wanda ke kwance, ta ƙwalla ƙara ta zube. Nafi'u bai ɗaga kai ba. Ya ji haƙarƙarin mahaifinsa ya yi ƙara a ƙarƙashin tafinsa, hawaye na zubo masa, bai tsaya ba. Aka ɗora su a bayan motar Alhaji Mu'azu, yana durƙushe yana dannawa har ƙofar asibiti, inda likitoci suka karɓe shi da na'urorinsu. Allah da ikonsa, zuciyar Malam Ilu ta dawo. Likita ya ce da an bar ƙirjin nan ko na ɗan lokaci, da gawa aka kawo musu.

Tasi'u ya baro Ƙauran Namoda ko kayan aikinsa bai kwashe ba. Bayan ya ga uban yana numfashi, ya je ginin ya buɗe akwatin. Ya tarar da wayar ƙasan da ya ɗaura ta yi baƙi, robar jikinta ta narke. Ita ta kwashe mafi yawan wutar ta kai cikin ramin, ragowar ce kawai ta bi ta hannun tsoho. Da duka ta bi ta jikinsa, da ba a sami abin dannawa ba. Ya zauna a ƙasan ɗakin, mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya yi kuka har ya gode Allah.

Malam Ilu ya tashi, amma hannun dama bai koma daidai ba. Yatsun sun lanƙwashe, ba ya iya riƙe filaya, ko maɓallin riga sai an sa masa. Barira ta daina cin abinci, tana cewa ita ta jawo. Ya kira ta ya ce, "Uwata, ni ma da na leƙa janareta na sa masa kwaɗo kafin in taɓa waya, da ba a yi haka ba. Zamani ya canza ban tambaya ba. Ki ci abinci." Daga ranar, a gidansu ba a sake buɗe akwatin wuta ba sai an kashe duk hanyar da wuta za ta iya shigowa, an kulle, an rataya alama, an kuma gaya wa kowa.

Alhaji Mu'azu abin ya tsaya masa a rai, yana cewa a gininsa bawan Allah ya rasa sana'arsa. Da lokacin aikin hajji ya matso sai ya zo har gida ya ce, "Malam, kujera biyu na samu bana. Ɗaya taka ce. Ɗayar ka ba wanda zai riƙe ka a cikin 'ya'yanka, don da wannan hannun ba ka tafiya kai kaɗai."

Malam Ilu ya tara su ya gaya musu. Kowannensu ya sunkuyar da kai ya ce duk wanda Baba ya zaɓa ya yi. Amma uba ne, ya san su. Ya san Tasi'u ya daɗe yana burin ya ga Ka'aba, ya san Barira tana son ta yi masa hidimar da za ta sanyaya mata zuciya, ya san Nafi'u bai taɓa jin uban ya zaɓe shi a kan komai ba. Ya kasa zaɓa, ya kai maganar wurin dattawan unguwa.

Dattawa suka rabu. Wasu suka ce Tasi'u, domin ya tsare ran uban tun kafin hatsarin ya zo, da guminsa, a aikin da ba mai yabawa. Aka ce musu ai ranar ba ya ma garin, kuma ramin nan aikinsa ne, ba don uban ya haƙa ba. Wasu suka ce Barira, domin da ta yi jinkirin ƙiftawar ido don jin kunyar Alhaji, da ragowar wutar ta ƙarasa shi. Aka ce musu ai na'urarta ce ta tayar da injin, kuma ba ta rataya ko tsumma na gargaɗi a jikin akwatin ba. Wasu suka ce Nafi'u, domin na farko da ta biyu sun rage wuta sun kashe ta, amma mutumin da suka bari ba ya numfashi, shi ne ya shiga ɗakin da yake tsoro ya ƙi yarda a rufe uban. Aka ce musu ai da ba a rage wutar ba, da ba a kashe ta ba, da shi ma ya isa ya tarar da abin da ya fi ƙarfinsa, ko ma ta haɗa da shi.

Har aka kira sallah ba su daidaita ba, Malam Ilu yana zaune a gefen tabarma, hannunsa a cinya, yana kallonsu.

To, ku da kuka ji yadda aka yi: tsakanin wanda ya haƙa wa wuta hanyar gudu, da wadda ta kashe ta, da wanda ya riƙe zuciyar tsoho har asibiti, wa ya kamata ya raka Malam Ilu Makka?