Takardar Da Hilario Ya Ƙi Sa Wa Hannu

Akwai wani mutumin ƙasar Peru mai suna Hilario Condori, wanda ya shekara tara yana aiki a wata gonar tumaki a nan jihar Idaho. Shi ke kai wa makiyaya ruwa da dankali da tulun gas a can kan duwatsu. Dokar gonar ita ce kowane makiyayi ya kwana a 'yar tirela, wato ɗakin kwana mai tayoyi da maigida ya ba shi, kusa da garke.

Cikin makiyayan akwai ƙanen matarsa, Saturnino. Hilario ne ma ya samo masa aikin.

Sau uku Saturnino yana kukan cewa murhun gas na tirelarsa ya lalace, kullum da ciwon kai yake tashi. Sau uku Hilario yana kai maganar wurin maigida, Mista Lund, shi kuwa sai ya ce a riƙa buɗe taga.

Wata safiya Hilario ya iso ya tarar da tumaki a warwatse, karnuka sun yi jugum a ƙofar tirela. Saturnino na kwance a ciki, rai ya yi halinsa. Gurɓatacciyar iskar murhun ce ta kashe shi cikin barci.

Bayan kwana biyu Mista Lund ya kira shi ofis, har da zuba masa kofi. Ya tura masa takarda mai cewa marigayin ne ya taɓa murhun da kansa, kuma ba a lokacin aiki ya rasu ba, don haka babu diyya.

"Kai ɗan gida ne, Hilario. Sa hannu kawai, ni kuma in sabunta maka takardun zama."

"Maigida, da kyarkeci ya faɗa wa tumaki yana barci, ai shi za ka tuhuma. To yaushe ne ba lokacin aikinsa ba?"

Lund ya haɗe rai. "Ka dai san hanyar filin jirgi ko?"

"Na sani. Ta can zan kai gawar ƙanena."

A makon aka sallame shi. Sauran makiyayan suka yi gum, kowa na tsoron rasa abincinsa, Hilario kuma bai ga laifinsu ba. Wata lauya mai tsaya wa leburori ta shigar da ƙarar neman diyya a madadin iyalan marigayin. A gaban alƙali lauyan kamfanin inshorar gonar ya yi ta juya shi ta bakin tafinta, amma magana ɗaya Hilario ya riƙe: ya faɗa wa maigida sau uku, ga kuma ranakun.

Sai da aka yi wata bakwai kafin alƙali ya yanke hukunci: tunda dole aka yi wa Saturnino ya zauna a tirelar, to wurin aiki ce. Aka biya matar marigayin, Dominga, da 'ya'yanta biyu diyya.

Hilario bai sake samun aiki a gonakin tumakin yankin ba. Yanzu shanu yake tatsa a wani gari, albashin bai kai na da ba. Da Dominga ta kira shi tana kuka tana ba shi haƙuri, cewa ya yi ta daina, ta sa yara a makaranta.

Darasi: Wanda ya ajiye ka a ɗakinsa saboda aikinsa, lafiyarka tana wuyansa ko barci kake. Kada tsoron rasa aiki ya sa ka sa hannu a kan ƙarya. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da ke kwana a wurin aikinsa.