Cefanen Baba Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, tun ba ta huce ba.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

To ku matso. Kai Sagiru, kife wayar nan, ko in haɗiye abata.

Wani tsoho ne, Baba Nomau, da matarsa Tasalla. Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma idonta ya daɗe da mutuwa. Suna zaune a ɗaki ɗaya cikin wani kango, can ƙarshen unguwa, a wani birni mai kowane irin mutum. Ga Bahaushe, ga Bayarabe, ga Inyamuri, ga Banufe, har da Ba'indiye. Kowa da yarensa, kowa da tukunyarsa, kowa sauri yake.

Da can akwai 'yar kasuwa a unguwar. Aka rushe ta, aka gina wani ƙaton kanti a wurin. Kanti ne mai sanyi kamar randa, komai a ɗaure cikin leda. Ba tayi, ba albarka, ba gyara. Ka ɗauki kwando, ka zuba, ka biya, ka kama gabanka. A ƙofarsa kuwa akwai wata aljana da aka ɗauka aiki. Ba ta tambayar yare, ba ta tambayar addini. Inuwa kawai take dubawa: ta ga inuwa, ta buɗe.

Kullum da hantsi Baba Nomau zai ja wa Tasalla ƙofa, ya sa sakata ta waje saboda ɓatagari, ya tafi cefane. Abu uku yake saye, ƙanana ƙanana: garin masara, kuka, daddawa. Kuma mutumin ƙauye ne, bai iya wuce mutum ba gaisuwa ba. Ya gai da maigadi, ya gai da masu tura keken kaya, ya gai da Rifkatu mai karɓar kuɗi. Wani ya ce masa "uhm", wani ya ɗaga gira, wani waya na kunnensa. Mai amsa masa da kyau ɗaya ne tak, wani Ƙadangare da ke shan hantsi a jikin bangon kantin. Shi kam har ya tambayi mai ɗaki da jiki.

Ran nan tsoho ya fito, ya sa sakata, ya kama hanya. Bai kai kanti ba ya ji ƙirjinsa ya riƙe. Ya zauna gindin wata darbejiya don ya huta. Hutun ke nan. Mutane suka taru, aka yi ta tambaya, ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san gidansa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Sarki, yara, haka ake tafiya a birni.

Amma cefane bai sake shi ba. Tasalla na ɗaki, sakata na waje, ba ta da komai sai ruwan randa.

Sai ga shi a ƙofar kanti. Ya tsaya, ƙofa ba ta motsa ba. Ya ja baya, ya matso, ƙofa ba ta motsa ba. Sai ya kama waƙa:

Ƙofa, ƙofa, buɗe mini,
Tasalla na ɗaki a rufe,
ba ido, ba wuta, ba tuwo.

Aljanar ƙofa ta ce ita ba ta ga inuwa ba, don haka ba ta ga mutum ba. Tsoho ya duba ƙasa, gabas da yamma, babu inuwa. Nan ya gane abin da ya same shi. Bai yi kukan kansa ba, wallahi. Kukan sakatar nan ya yi, da ya sa da hannunsa. Ya juya ya koma kango, ya kai hannu zai zare ta, hannu ya wuce kamar hayaƙi. Yana jin Tasalla a ciki tana cewa yau Malam ya daɗe.

Rana ta biyu ya dawo kanti, ya yi waƙarsa, ƙofa ta ba shi amsar jiya. Ya juya jiki a sanyaye, ya yi wa Ƙadangare sallama don sabo. Ƙadangare ya amsa. Dabba ai tana ganin abin da mutum ba ya gani. Tsoho ya kwashe labari ya faɗa masa.

Ƙadangare ya ce wannan mai sauƙi ne, bari ya gaya wa mutane. Ya je wurin maigadi, maigadi ya bi shi da tsintsiya. Ya tare wata mata da kwando, ta yi tsalle tana ihu. Ya hau motar wani mai babbar riga yana magana, mutumin bai ko cire waya daga kunne ba. Wanda bai amsa gaisuwar ɗan Adam ba, ta ƙadangare zai saurara? Rana ta faɗi a banza. A kango kuwa muryar Tasalla ta fara dushewa.

Rana ta uku Ƙadangare ya ce, "Baba, inuwata 'yar ƙarama ce, amma inuwa ce. Taka ta mu shiga."

Ya ruga gaban ƙofa, aljana ta ga inuwa, ta buɗe. Suka shige tare. Tsoho ya nuna kantar da aka jera kaya, Ƙadangare ya haye. Ya sa wutsiya ya turo ledar kuka, ta faɗa kwandon Iya Bose, Bayarabiya mai ɗinki. Ya turo garin masara, ya faɗa kwandon Uche bakanike. Ya turo daddawa, ta faɗa kwandon Madam Sarla, Ba'indiya mai koyarwa a makaranta. Ba wanda ya lura, kowa idonsa na kan gabansa.

Suka jeru a layi gaban Rifkatu. Iya Bose ta ce ita ba ta ɗauki kuka ba. Rifkatu ta ajiye a gefe. Uche ya ce me zai yi da ɗan garin da ko cokali uku bai kai ba. Ta ajiye a gefe. Madam Sarla ta ɗaga daddawa da yatsa biyu, ta toshe hanci. Rifkatu ta karɓa za ta ajiye, sai hannunta ya tsaya. Ta dubi abu ukun nan a jere: gari, kuka, daddawa.

Ta ce, "Wannan ai cefanen tsohon nan ne mai gaisuwa. Yau kwana uku ban gan shi ba."

Iya Bose ta ce kullum yana tambayarta ya yara. Uche ya ce shi yakan ce masa sannu da aiki, ko bai juyo ba. Madam Sarla ta ce ya taɓa riƙe mata kwando. Rifkatu ta tambaya, to ya sunansa? Shiru. Ina gidansa? Shiru. Shekara bakwai yana gaishe su! Kunya ta kama su, kowa ya rasa inda zai sa ido.

To da shiru ya samu, sai aka ji muryar Ƙadangare daga saman kantar kaya. Ya ce sunan tsohon Nomau, ya rasu shekaranjiya a gindin darbejiya, kuma ya bar makauniya a ɗaki da sakata ta waje.

Ba wanda ya ɗauko tsintsiya. Suka biya kuɗin abu ukun, suka bar nasu kwandunan a nan. Tsoho na gaba, Ƙadangare na bin tsoho, su suna bin Ƙadangare. Suka wuce titi, suka wuce kwata, suka shiga kango. Uche ya zare sakata da ɗan yatsa ɗaya. Ɗan yatsa ɗaya, yara, abin da ya gagari tsoho kwana uku.

Tasalla na kwance kan tabarma, leɓe ya bushe, amma da ranta. Ta ɗora tukunya kan murhu tun ranar farko, tana jiran a kawo. Ƙamshin daddawa ya riga su isa gare ta. Ta yunƙura ta ce, "Malam, ka daɗe."

Ta karkata kai, ta saurara. Makaho ai da kunne yake gani.

Ta ce, "Na ji takun mutum huɗu. Babu nasa."

Rifkatu ta durƙusa ta riƙe hannunta, ta faɗa mata. Tsohuwa ta yi salati, hawaye na zuba daga idon da ba ya gani. Iya Bose ta hura wuta tana sharɓe hanci. Uche ya ɗebo ruwa. Madam Sarla, mai toshe hanci ɗazu, ita ta daka daddawar da hannunta. Tuwon ya yi gudaji, miyar ta yi ruwa, don ba abincinsu ba ne. Tasalla ta ci loma uku.

Duk wannan tsoho na tsaye a bakin ƙofa. Da ya ga ta haɗiye ta ukun, sai ya yi sallama a hankali, irin ta mai tafiya. Mutanen ba su ji ba. Ƙadangare ya ɗaga kai ya sauke. Tasalla ta juya fuskarta wajen ƙofa.

Ta ce, "Wa alaikumus salam. Cefane ya iso, Malam. Je ka ka huta."

Ya tafi, bai ƙara dawowa ba. Su huɗun suka raba kwanaki, kowa da ranar da zai kawo mata cefane, har ta bi mijinta da damina. Amma gaisuwar shekara bakwai da ba su amsa ba, ba su sami wanda za su mayar wa ba.

Shi ya sa har gobe in kun ga ƙadangare a bango yana ɗaga kai yana saukewa, sallama yake amsawa, ta wanda kuka gani da wanda ba ku gani ba. Ku ma in an gaishe ku ku amsa, ku tambayi suna, ku san gida.

Ƙurunƙus kan ƙadangaren kanti. Ba don Gizo na saurare ba, da na ƙara gishiri. Sagiru, share idonka, ɗauki wayarka.