Gonar Marka da Damin da Ba Ta Karɓa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

To ku matso kusa, yau muryata ba za ta kai bakin ƙofa ba.

An yi wata mata, sunanta Marka, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mahaifinta ya rasu ya bar musu gona ɗaya a bakin rafi, ita da ƙanenta Tanko. Ba a raba gadon ba, domin Tanko yana aikin jirgin ƙasa can kudu, tafiyar kwana biyu. Ranar da zai koma bayan sadakar arba'in ya ce, "Yaya, ga gonar Baba nan amana a hannunki. In na ajiye aiki, a nan zan dawo in tsufa." Ta ce, "Allah ya kai mu."

Mijin Marka ne ke noma gonar, har shi ma ya rasu. Maƙwabcinsu Kurege shi ya haƙa kabarin, tun da ba wanda ya kai shi iya haƙa. Ko goro bai karɓa ba.

Ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, gari ya waye da hadari daga gabas, amma iska ta kore shi, ko ɗigo bai sauka ba. Marka na tuyar ƙuli sai Kurege ya yi sallama.

Ya ce, "Inna Marka, na bi ta gonarku na ga ƙirare sun cika ta. Ki ara mini ita in taɓa, kada ta koma daji."

Ta ce, "Ai ba komai. Je ka ka noma."

Ya ce, "Ko mu je gaban mai unguwa ya shaida aro ne?"

Ta tuna da kabarin mijinta. Ta ce, "Haba Kurege, tsakaninmu?"

Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Tsakaninmu."

To, a ƙasarsu aron gona yana da al'ada. Mai aro yakan kai wa mai gona dami ɗaya duk kaka, ko da mai gonar rumbunsa a cike yake, don mutane su gani su san gonar wa ce. Kuma mai aro ba ya dasa itace, domin itace yakan fi aro daɗewa.

Da kaka ta yi, Kurege ya ɗauko damin gero da tsakar rana, ya bi ta dandali, ya bi ta bakin rijiya, ya sauke a ƙofar Marka. Matarsa na biye da shi da 'ya'ya bakwai, kowanne ciki a lafe.

Marka ta dube su. Ta ce, "Haba Kurege, tsakaninmu? Mayar wa yara."

Ya ce, "Jama'a kun dai gani, na kawo ta ƙi." Ya ɗauke. Bai ƙara kawowa ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Shekara ta uku ya dawo. Ya ce, "Inna Marka, rana tana ƙona ni. Zan sa ɗan mangwaro ɗaya saboda inuwa. In kina ganin ya saɓa al'ada, a bari."

Ta ce, "Haba Kurege, tsakaninmu?"

Ya dasa goma sha biyu.

Shekara ta biyar ya dawo. Ya ce, "Inna Marka, awaki sun dame ni. Zan kewaye da shinge, in sa 'yar ƙofa."

A wannan karon ta yi niyyar ƙi. Ta buɗe baki, sai ta ga ya kawo mata kwandon mangwaro, nunan fari. Ta ce, "Haba Kurege." Sauran maganar shi ya ƙarasa mata.

Tanko yakan aiko da gaisuwa lokaci-lokaci, yana tambayar gona. Ita kuma ta aika, "Gona lafiya lau." Ba ƙarya ta yi ba, gonar ba ta taɓa yin kyau irin na lokacin ba.

Ana nan aka kawo injin matsar gyaɗa garin. Mai ya yi araha, masu saye suka daina zuwa gidan Marka. Hayaƙi kuma ya riga ya ci idonta. Ta ce bari ta koma gonar mahaifinta ta shuka ko da wake ne. Ta aika wa Kurege, ya ce ta dakata ya kwashe rogo. Ta sake aikawa, ya ce ta dakata bayan salla. Ta tafi da kanta ranar takwas ga watan Mayu, shekara goma da kwana ɗaya da yin aro, ta tarar da kwaɗo a jikin ƙofa.

Kurege ya leƙo ta saman shinge. Ya ce, "Sannu baiwar Allah. Wa ake nema?"

Ta ce, "Gonata nake nema."

Ya ce, "Wace gona? Wadda kika ba ni kyauta saboda kabarin marigayi?"

Marka ta kai ƙara. Kotun tana hedikwatar gunduma, tafiyar rabin yini a ƙasa. Zalɓe ne alƙali, Gara ce mai ajiyar takardu. Kurege ya ɗauki lauya, Hankaka, da baƙar rigarsa da farin wuya, wanda tun kakanni ake masa kirari da mai da ɗan wani naka.

Zuwan farko aka ce alƙali ya tafi ta'aziyya, a dawo bayan mako uku.

Zuwa na biyu aka nemi takardar ƙara aka rasa. Gara ta goge baki ta ce ita dai a nan ta ajiye ta. A dawo bayan mako uku.

Zuwa na uku Hankaka ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ya faɗi haka da ƙarfi har ana ji a bakin titi. A dawo bayan mako uku.

Damina ta wuce. Takalmin Marka ya tsinke ta ɗinke, ya sake tsinkewa ta riƙe shi a hannu. Kullum in ta zo takan zauna a benci ɗaya da wani tsohon Kunkuru, wanda ke shari'a da maƙwabcinsa a kan kwatar ruwa. Su gaisa, a ɗage shari'a, su tashi.

Ranar da aka zauna da gaske, Zalɓe ya tsaya a ƙafa ɗaya ya ce, "Malama Marka, kin ce aro ne. Wa ya shaida?"

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, Allah ne shaida."

Ya ce, "Shi ne shaidar kowa. Cikin mutane fa?"

Ta ce, "Babu."

Ya ce, "Dami nawa kika karɓa a shekara goma?"

Ta ce, "Ya kawo, na tausaya wa 'ya'yansa."

Hankaka ya yi tsalle ya ce, "Ba ta karɓa ba ke nan! Muna da mutum tara da suka gani."

Zalɓe ya ce, "Mangwaro da shinge, a ɓoye aka yi su?"

Ta ce, "A'a. Ya tambaye ni."

"Kika ce me?"

Marka ta sunkuyar da kai.

Zalɓe ya sauya ƙafa. Ya ce, "Ba na ce kina ƙarya ba. Amma wanda ya riƙe ƙasa shekara goma, yana noma, yana dashe, mai ita na gani, lafiyarsa ƙalau, bai ce uffan ba, shari'a ba ta sauraron mai shirun bayan nan. Da aro ne, ko shekara hamsin ce sai ya mayar. Sai dai aro sai da shaida." Aka ba Kurege rantsuwa. Ya rantse, ko ƙifta ido bai yi ba. Aka bar masa gonar.

Marka ta fito ta zauna a benci. Kunkuru ya leƙo da kai daga cikin ƙoƙon bayansa.

Ya ce, "Ƙanwata, ni ba lauya ba ne. Amma shekarata goma sha tara a kan bencin nan, kunne kuwa ba ya rufuwa. Gonar taki ce ke kaɗai?"

Ta ce, "Ta mahaifinmu ce. Ni da ƙanena. Yana kudu."

"Kin faɗa wa alƙali?"

"Ban so a ambaci sunansa ba. Kada a aika masa sammaci ya ji abin da na yi da amanarsa."

Kunkuru ya ce, "Ayya. To saurara. Gado kashi uku ne tsakaninku, ɗaya naki, biyu nasa. Naki ya tafi, ki yi masa addu'a. Amma shirunki ba ya cin rabon wanda ba ya gari. Shi bai gani ba, balle ya yi shiru. Ko kyautar da ake cewa kin yi, ba ki da ikon kyauta da abin wani. Sai dai kotu ba ta bin mutum gida. Sai ya zo da ƙafarsa, ya yi magana da bakinsa."

Ta ce, "Da wane ido zan dube shi? Ni na goye shi."

Ya ce, "Da wanda hayaƙi ya rage miki. Ki hanzarta. Na ji Hankaka na cewa bayan kaka za a kawo masu awo a yanka wurin fuloti-fuloti. In gona ta shiga hannun mutum ashirin, ƙanenki zai zo ya taya ni zaman benci."

Marka ta yi karatun yaƙi da jahilci, tana iya rubutu a hankali. Ta sayi takarda. Wasiƙar farko ta cika da gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, har takarda ta ƙare ba a kai ga gona ba. Ta sa ta a murhu.

Wasiƙa ta biyu ta cika da Kurege, maci amana, butulu, mai rantsuwar ƙarya. Ta karanta ta ga duk gaskiya ne, amma babu sunanta a ciki ko sau ɗaya. Ta sa ta a murhu.

Ta uku gajeriya ce. Ta rubuta: "Tanko, na ba da aron gonar Baba ba da saninka ba, ba shaida. Shekara goma ina ce maka lafiya lau. Na yi shari'a na faɗi, rabona ya tafi. Naka yana nan in ka zo kafin kaka ta wuce. Ka zo ka yi mini faɗa, sa'an nan ka je kotu. Yayarka, Marka."

Ta ɗaure ta a bakin zane. Kasuwa ɗaya ta wuce tana ɗaure. Kasuwa ta biyu ta je har ƙofar gidan waya ta juyo. A hanyar komawa ta bi ta bakin rafi, ta ga an kafa turaku masu jan fenti a kusurwar gona, Kurege na zaune a inuwa yana nuna wa wasu baƙi iyaka da wutsiya.

Ba ta ƙarasa gida ba. Ta koma da baya, rana na dukanta, ta sayi kan sarki, ta lasa ta manna. Ta tsaya gaban akwati har na bayanta ya ce, "Inna, in ba ki sakawa ki ba mu wuri." Ta saki wasiƙar. Ta ji faɗuwarta a ƙasan akwati. Ta nemi dakali ta zauna, ta kwance takalmin da ya dame ta, ta huta.

Tanko ya zo kafin kaka ta wuce, kotu ta mayar masa da kashi biyunsa. Kurege dai ya ci kashi ɗaya, kuma ba wanda ya ƙwace masa shi. Haka duniya take wani lokaci, ba zan yi muku ƙarya ba. Ku yi alheri, 'ya'yana, amma ku kira mutum biyu su tsaya a wurin, ko da ɗan'uwanku ne ke roƙo. In kuwa kun yi ɓarna da amanar wani, ku gaya masa tun da sauran abin da za a ceto.

Ƙurunƙus kan kurege. Nama kaɗan ne, ku raba shi a gaban shaidu.