Muzuru Ya Shiga Dangin Tantabara

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakinku ne ya yi nauyi?

Wani tsoho ne, Baba Tsalha, mai kiwon tantabaru. Ya rataye musu tukwane a jikin soro, yana ba su gero da ruwan sukari don kada su yi sha'awar gidan wani. Idonsa ya yi yana, da lalube yake gane tsuntsayensa.

A tukunyar sama akwai Tantabara da 'yan shilanta biyu, ɓul-ɓul da su. Kullum Muzuru yana kan katanga yana lumshe ido, yana mafarkinsu cikin romo. Ya ce a ransa, "Duk tsuntsaye ba mai saurin yarda irin Tantabara. Da zance kawai zan cinye 'ya'yan nan."

Sai ya bi gindin itatuwa yana tsintar fuka-fukai, na kurciya, na hasbiya, na bardo, ya liƙa da ƙaro, ya zo ya yi sallama.

Tantabara ta leƙo ta ce, "Maraba. Daga wane gida cikin dangi?"

Ya ce, "Haba Yaya, uwata kurciya ce, ubana hasbiya, kakana bardo. Zumunci na zo, in ga yaran nan."

Ta dubi gashin bakinsa, ta dubi wutsiyar da ya manta bai rufe ba. Ta gane shi sarai, amma ta ce, "Lalle ka haɗa dangi. Bari in gaya wa Baba an yi baƙo."

Baba Tsalha ya shafa shi ya ce, "Kai, wannan ta ƙoshi." To, a gidan nan baƙuwar tantabara kwando ake kifa mata sai ta saba. Aka kife Muzuru, aka ɗora dutse, aka tura masa gero da ruwan sukari.

Ina muzuru ina gero? Sai ya sha ruwan sukari ya kwanta, ya sha ya kwanta. Rana na shigowa ta ƙofofin kwando, tantabaru na guɗa a sama, shi kuwa yana ta mafarki. Yana ganinsa can cikin gajimare, iska na shafa masa ciki, gari ya koma kamar faifai a ƙarƙashinsa, 'yan shila suna binsa suna cewa Kawu. Har ya fara jin ko da gaske kakan nasa bardo ne. Wallahi ni kaina ya ba ni tausayi.

Ranar da aka ɗaga kwando ya miƙe zai nufi tukunya, sai Tantabara ta ce, "Baba, ƙanena ya saba. A gwada shi kamar kowa."

Gwajin kuwa shi ne a hau da tsuntsu kan soro a cilla shi sama. In ya kewayo ya dawo, ya zama ɗan gida.

Da Muzuru ya ga ƙasa daga kan soro, mafarki ya watse. Ya ce, "Baba, ban gama sabawa ba."

"Ka saba."

"To Baba, mu jikokin bardo ba ma tashi sai ta wajen masussuka. Al'adarmu ce."

Ai ya hango tarin ƙaiƙayi ne a can. Tsoho ya juya ya cilla shi. Muzuru ya yi sama, ya buɗe hannuwa, fuka-fukan aro suna zuba a hankali. Na ɗan lokaci ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Sannan ya faɗa cikin ƙaiƙayi, tim, bisa ƙafafunsa, ya fito yana atishawa yana susa, ya tsallake katanga.

Baba Tsalha ya jira har ya gaji, ya ce, "Ba ta dawo ba. Asarar sukarina."

Tantabara ta rufe 'ya'yanta da fiffike ta ce, "Ai Baba, ba kowane dangi ne ke zama ba."

Shi ya sa har yau in kun ga muzuru a katanga ya lumshe ido, ba barci yake ba, tashin nan yake tunawa.

Ƙurunƙus kan kusu. Wanda zai yi ƙaryar dangi, ya fara duba inda ake zubar da ƙaiƙayi.