Camfin da Bushiya Ta Shuka

Dalilin da ya sa bushiya take dunƙulewa ta cusa fuska cikin cikinta da zarar an matso kusa da ita, ba tsoro ne kaɗai ba, yara. Na gan ku ɗazu a bayan rumbu kuna ta zungurin ta da kara wai sai ta leƙo. Ku rabu da baiwar Allah, ku zo nan ku zauna in gaya muku abin da ya same ta.

A zamanin da dabbobi da tsuntsaye suke zaune gari guda, Bushiya ba ta san sunkuyar da kai ba. Ƙayar nan tana bayanta tun asali, amma fuska a sake take yawo, hanci a gaba, ba inda ba ta cusa shi. Ga ta da tambayar tsiya. Ita ce ta taɓa zuba ruwa a ƙwarya biyu, ta ajiye ɗaya a rana, ta rufe ɗaya a ɗaki, don kawai ta ga wanne zai riga ƙafewa. Da aka ce mata ba kyau zama a dokin ƙofa, sai ta wuni a kai tana jiran abin da zai faru, ba abin da ya same ta sai ciwon baya. Ni dai har nan ban ga laifinta ba, don wanda bai gwada ba ba ya sani.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne camfi. Ta rasa yadda za a yi gari guda ya yarda da abin da ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Wata rana ta sami Kunkuru, wanda ya fi kowa tsufa a garin, yana shan hantsi a ƙofar gidansa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, wai wa ya fara cewa kada a zauna a dokin ƙofa?"

"Haka muka taras," in ji Kunkuru.

"To su waɗanda kuka taras ɗin, a bakin wa suka ji?"

"Ke Bushiya, ki bar ni in sha hantsina. Ba ki da aiki a gida ne?"

Ta tafi tana ta juya maganar a ranta. Ta ce lallai kowane camfi akwai bakin da ya fara furta shi. Gero ma ai shuka shi ake yi, a zuba ido a ga yadda yake tsirowa. Me zai hana ita ma ta shuka camfi guda ɗaya, ɗan ƙarami, ta ga yadda yake kama zuciyar jama'a? In ta gama gani sai ta tumɓuke abinta.

To, a garin nan akwai Mujiya, kuma ba Mujiyar da kuka sani yanzu ba ce. Da rana tsaka take harkarta, ita ce mai guɗar gari. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai ta hau kan katanga ta rangaɗa guɗa, a cika mata ƙwarya da tuwon biki da goro, da wannan take ci. Ba a ma aika mata gayyata, da ta ji an haihu ta san ranar zuwanta. Ita ce kuma ta riƙe Bushiya lokacin da uwarta ta rasu, shi ya sa Bushiya take ce mata Yaya. A kan wannan baiwar Allah Bushiya ta ga ya dace ta yi gwajinta. Wai a dabararta, tunda kowa yana son Mujiya, ba abin da zai taɓa ta.

Da safe a bakin rijiya ta tarar da Zabuwa, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Bushiya ta taya ta jan guga, sannan ta ce kamar ba da gangan ba, "Gwaggo, ni kuwa kin taɓa jin an ce gidan da Yaya Mujiya ta yi guɗa, ba a daɗewa sai wani abu ya fashe?"

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Zabuwa ta ja tsaki ta ce, "Shirme ke nan. Ɗora mini tulun nan in tafi."

Bushiya kuwa ta san abin da ta zaɓa. Wane gida ne ake daɗewa ba a fasa ko da kasko ba? Ba a jima ba aka yi suna a gidan Kurege, Mujiya ta yi guɗarta kamar kullum. Bayan an watse, matar Kurege tana wanke-wanke randa ta suɓuce mata ta dare biyu. Zabuwa tana wurin. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ai kuwa dama an ce." Aka tambaye ta me aka ce, ta faɗa.

Da labarin ya dawo kunnen Bushiya, sai da ta shiga ɗaki ta yi rawa. Abin kunya ne a faɗa, amma haka aka yi. Shukarta ta tsiro, kuma ta ga abin da ba ta taɓa sani ba. Kowa ya shiga tono tsohon zance. Wannan ya tuna katangarsa ta faɗi bayan bikin 'yarsa, wancan ya tuna ya yi targaɗe bayan sunan ɗansa. Gidajen da aka yi guɗa aka zauna lafiya sun fi a ƙirga, amma ba wanda ya tuna da su. Maganar da ta fara da randa ta koma ciwo, daga ciwo ta koma abin da ya fi ciwo. A nan ya kamata Bushiya ta buɗe baki. Sai ta ce a ranta bari dai ta ƙara gani kaɗan.

Ita Mujiya ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta dai ga ƙwaryarta ta daina cika, ta ga in ta doso taro mata suna jan 'ya'yansu jiki. Ta ce wa Bushiya, "Ƙanwata, ko dai muryata ce ta fara tsufa?" Bushiya ta ce, "Haba Yaya, muryarki ƙalau take," ta kau da kai ta ci gaba da tsintar wake.

Da damina ta sauka Zabuwa ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Ranar suna Mujiya ta zo kamar yadda ta saba, ta hau katanga ta rangaɗa guɗa. Wuri ya yi tsit, ba wanda ya amsa. Kwana kaɗan aka tafka ruwa mai sanyi, 'ya'yan Zabuwa suka jiƙe, wasu daga cikinsu suka mutu. Kowa ya san ɗan zabo ba ya jure sanyin damina, duk shekara sai Zabuwa ta yi irin wannan rashi. Amma bana ba wanda ya ambaci ruwa.

Gari ya taru a ƙofar Kunkuru, Zabuwa tana kuka tana birgima, ana cewa sai dai Mujiya ta bar garin. Mujiya tana gefe ta yi tsuru-tsuru, ta dubi wannan ta dubi wancan. Hankalin Bushiya ya tashi. Ta kutsa tsakiyar taro.

"Jama'a, ku tsaya! Wallahi maganar nan ba ta da tushe. Ni na ƙirƙire ta. Ni na fara faɗa wa Gwaggo Zabuwa a bakin rijiya, don in ga yadda camfi yake yaɗuwa. Gidan Ɓera an fasa tukunya jiya, yaushe rabon Yaya da gidan?"

"Ta sama ta bi ta wuce," in ji wani daga baya.

Zabuwa ta share hawaye ta dubi Bushiya sama da ƙasa. "Ke kika faɗa mini? Yaushe aka haife ki? Ni tun ina yarinya na ji wannan a bakin kakata, tana tankaɗe tana faɗa mini. Kamar yanzu nake ganin ta."

Kuma ku sani, yara, Zabuwa ba ƙarya take shirgawa ba. Har cikin zuciyarta haka take gani. Wannan shi ya fi ba Bushiya tsoro. Ta juya wajen Kunkuru ta ce, "Baba, kai ne babba. Ka taɓa jin wannan magana kafin bana?"

Kunkuru ya lumshe ido ya ce, "Kamar dai haka muka taras."

Matan wurin suka ce, "Allah sarki, yayarta take son karewa." Har da masu shafa mata kai suna yaba mata zumunci. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya yarda da ita. A duk taron nan mutum ɗaya ce ta san gaskiya Bushiya ta faɗa, ita ce Mujiya, don ita ta raine ta, ta san halinta na gwaje-gwaje.

Mujiya ta haɗa 'yan komatsanta ta kama hanya. Bushiya ta bi ta a baya har bakin gari. A nan Mujiya ta tsaya ta juyo.

"Me ya sa sai ni?"

"Na ga kowa yana son ki ne, Yaya. Na ɗauka ba zai kama ki ba."

"To kin gano abin da kike nema?"

Bushiya ta ce, "Na gano."

"To madalla," in ji Mujiya. Ba ta zage ta ba, ba ta yi mata baki ba. Da ta zage ta ma da ya fi mata sauƙi. Ta tashi ta nufi daji, ta sami kogon wata kuka ta zauna, ta daina fitowa da rana saboda jifa.

Bushiya ba ta zauna ba. Gida gida ta riƙa bi tana bayani, tana kawo misali, tana rantsuwa. A saurare ta, a ba ta ruwa ta sha, tana fita a ce, "Duk da haka dai gara a kiyaye." Yau ta ji wani ya ce kukan Mujiya ya kashe masa ɗan'uwa, gobe ta ji wata ta ce da idonta ta gani. Kullum maganar tana shiga kunnenta, safe da yamma, a rijiya da kasuwa, har shekara ta zagayo.

Sai Allah ya ba Bushiya haihuwa, ɗa guda ɗaya, ɗan mitsitsi, ƙayarsa ma ba ta yi ƙwari ba. Ranar suna mata suka cika tsakar gida da hantsi, ana ta rabon tuwo, amma taron ba armashi, don tun tafiyar Mujiya ba a sake samun mai guɗa ba. Bushiya tana zaune a tabarma da ɗanta a gaba, tana tunanin da Yaya tana nan da yanzu gidan ya ɗauka.

Ashe labari ya kai daji. Mujiya ta ce duk abin da ya faru, ba za a raɗa wa ɗan ƙanwarta suna shiru kamar gidan makoki ba. Ta san za a iya jifan ta, ta taso haka nan da rana. Ba ta hau katanga ba, ta tsaya a kan tsamiyar bayan gida, inda take hango tabarmar. Ta cika ƙirji ta rangaɗa guɗa, irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Gaban Bushiya ya yanke ya faɗi. Kafin ta yi wani tunani, ta fizgo ɗanta ta danna shi a cikinta, ta naɗe a kansa, ta miƙar da ƙayoyinta duka wajen tsamiya. Ita da ta ƙirƙiri maganar da bakinta, ita da ta san ranar da ta faɗe ta da wurin da ta faɗe ta, ita ce take kare ɗanta daga guɗar Yayarta.

Guɗar ta yanke a tsakiya. Daga kan tsamiya Mujiya ta ce a hankali, "Har ke, ƙanwata?"

Bushiya ta ji ta sarai. Ta so ta warware, ta ɗago ta ce ba haka ba ne, jikinta ne ya riga ta. Amma da wane ido za ta dube ta? Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta ƙara cusa fuska ciki. Tana jin fukafukan Mujiya suna nisa, ba ta ɗago ba. Mata suka dafa ta suna cewa, "Ta tafi, buɗe. Kin kyauta da kika kare yaron." Wannan yabon ya sa ta ƙara ƙanƙamewa, har taro ya watse tana nan a dunƙule.

Shi ya sa har yau bushiya ba ta yarda a haɗa ido da ita. Da ta ji motsi sai ta naɗe, ta ɓoye fuska, don ba ta sani ba ko Yayarta ce ta dawo da tambayar nan da ta kasa amsawa. 'Ya'yanta da jikokinta duk sun gaji abin. Ku kuma duk ranar da mujiya ta yi kuka a kan gidanku kuka ji gabanku ya faɗi, kada ku yi wa bushiya dariya, don abin da ya kama ta ne ya kama ku.