Yadda Gidan Baron Ozban Ya Ƙare

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Iya."

To, ku matso. Kai Tanimu, sauke ƙafarka daga kan ƙanwarka. Ta yau ba ta dariya ba ce, ni kaina duk sanda na ba da ita sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

A can ƙasar Ingila, zamanin takobi da sulke, an yi wani mai ƙasa ana ce masa Baron Ozban. Baron kamar hakimi ne a wurinmu: sarki ya ba kakan kakansa ƙasa, ana ta gadonta daga uba zuwa ɗa. Gidansa na dutse ne, ɗakuna rututu. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku maza: Rainal babba, sai Gilbat, sai auta Ansel. Akwai kuma tsohuwar karyar farauta, wadda yaran suka tashi suna jan kunnenta.

Mutanen nan ba sa raba gado. Babban ɗa ke kwashe ƙasa da gida da suna, ƙanne su kama gabansu. Shi kuwa Ozban ba abin da yake so a duniya kamar sunan gidansu ya ɗore, ƙasar nan kuma kada ta ragu ko da taki ɗaya.

To, Gizo na zaune a rufin gidan. Kullum ya yi saƙa, barori su share. Da ya lura ba a share ɗakin da babu mai kwana ciki, sai ya ce, "Ashe mutane ne suka yi yawa a gidan nan."

Ya zuro ta zarensa har kunnen Ozban. Kun san tsamin bakin Gizo. Ya ce, "Yanka ya daɗe, autan nan zai girma ya yi aure, 'ya'yansa su buɗe baki su ce a yanka musu gona. Kai shi gidan masu ibada, inda ake rantsuwa ba aure, ba gado, ba komawa gida."

Karya ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, bar yaron nan. Ni na sha haihuwa, ban taɓa ganin 'ya'ya sun yi yawa ba."

Ozban ya ce, "Ke da ba ki san sunan kakanki ba, me kika sani?"

Ya ɗauki Ansel a doki ya kai shi. Yaro ya riƙe rigar ubansa yana kuka, uban ya ɓamɓare yatsunsa, ya naɗe masa hannu da mayafin teburin ibada kamar yadda suke yi, ya ce ya ba Allah shi har abada. Gizo ya shige ɗakin auta ya baza saƙa.

Bayan wasu shekaru ɗakin ya yi masa kaɗan. Ya sake zurowa.

"Yanka ya daɗe, Gilbat ya fi yayansa ƙarfi. Ranar da ka rufe ido, kana ganin zai yarda ya fita da doki ɗaya? Ana yaƙi a ƙetaren teku, tura shi ya samo wa gida suna."

Karya ta ce, "Maigida, ka ba da ɗaya, riƙe biyun."

Ozban ya ce, "Rufe mini baki."

Gilbat ya durƙusa ya ce, "Baba, ba na son ƙasar Rainal. Bar ni in riƙa kula masa da dawaki." Uban ya kau da kai, ya miƙa masa takobi. Gizo ya sami ɗaki na biyu.

Saura babban ɗaki. An sa ranar auren Rainal, ana ta wanke-wanke da goge-goge, hankalin Gizo ya tashi, don in amarya ta shigo gida zai sake cika.

"Yanka ya daɗe, duk kakanninka sai da suka karya mashi a filin wasa kafin su yi aure. Kana so a ce daga kan ɗanka aka fasa?"

Wasan nan, jikokina, mahaya biyu ne ke sukuwa su tunkari juna da dogayen masu, wanda ya faɗi ya sha kaye.

Karya ta kwanta a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, shi kaɗai ya rage maka. In za ku fita, sai dai ku tsallake ni."

Suka tsallake ta. A karon farko mashi ya tsage, tsinin ya shige ta ramin ido na hular ƙarfen Rainal. Kafin ubansa ya sauko daga rumfa, ya cika. Ba a gama zaman makoki ba wani matafiyi ya iso da garkuwar Gilbat. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe shi a hanya, ko filin yaƙin bai gani ba. Karya ta daina cin abinci, ta bi su lahira. Barori suka watse, Gizo ya saƙe gidan tun daga zaure har bene.

Ozban ya tsufa a shekara guda. Ya hau doki ya nufi gidan masu ibada, ya tsaya a ƙofa inda ake raba wa matalauta gurasa. Mai rabon wani dogon saurayi ne da askakken kai.

Ozban ya ce, "Ansel, ni ne. Yayyenka sun rasu. Zo mu koma, ƙasa taka ce, suna naka ne."

Saurayin ya dube shi, hawaye na zuba. Ya ce, "Baba, na yi shekaru ina hawa katangar nan ina leƙen hanya. Da ka zo a lokacin, da na bi ka da gudu ko takalmi babu. Da na gaji da jira, na yi rantsuwar da bakina. Ba ni da ƙasa yanzu, ba ni da suna."

Aka kaɗa ƙararrawar ibada. Ya sa wa ubansa gurasa a hannu, ya shiga, aka rufe ƙofa.

Ozban bai koma gida ba. Nan ya zauna cikin matalauta, kullum ya bi layi, ba don yunwa ba, sai don ya ga fuskar ɗansa. Da ya mutu Ansel ne ya binne shi, sarki ya karɓe ƙasar ya ba wani, sunan gidan ya ƙare.

Share hawayenki, Uwale. Abin da nake so ku riƙe shi ne, zuri'a ba ƙasa ba ce, ba kuma sunan kakanni ba, 'ya'yan da ke gabanka ne. Wanda ya kore su don ya tsare gado, zai rasa su ya rasa gadon.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan ɗan kusu.